Waƙafin Gidan Kwana ga Marasa Iyali: Darasin Ahlus Suffa da Halin Nassarawa GRA a Kano

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Unguwar Nassarawa GRA na daga cikin wuraren da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa ma'aikatansu bayan cin Kano a 1903, shi ya sa filayenta suke da faɗi, kusan kowane tsohon gida kuma yana da ɗakunan barori a bayansa, waɗanda ake kira bikiyu. Sai dai da yawa daga masu yi wa unguwar hidima, kamar masu gadi da masu wankin mota da 'yan ci-rani, ba su da makwanci a cikinta. Wasu a bakin ƙofa suke kwana, wasu a kango ko barandar masallaci. Wannan maƙala za ta bayyana yadda fiƙihun waƙafi ya buɗe hanyar sama wa irin waɗannan baligai marasa iyali gidan haɗaka mai sauƙin kuɗi.

Asalin Lamarin a Sunna

Bayan juya alƙibla a shekara ta 2 ta Hijira, an keɓe wata rumfa a ƙarshen Masallacin Annabi (SAW) ga matalautan da ba su da iyali ko dukiya a Madina, su ne Ahlus Suffa. Buhari ya ruwaito cewa Abu Huraira (RA), wanda shi ma yana cikinsu, ya ga mutum 70 daga cikinsu ba wanda yake da cikakkiyar sutura. Malaman tafsiri da dama sun ce a kansu aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta sauka.

Abin lura shi ne Suffa ta haɗa makwanci da kulawa. Manzon Allah (SAW) yakan rarraba su ga sahabbai domin cin abinci, mutanen Madina suna rataye musu dabino a masallaci, ana kuma koyar da su Alƙur'ani. Wanda ya sami sana'a ko ya yi aure sai ya tashi, wani ya maye gurbinsa.

Ƙasar Hausa ma ta san irin wannan. Zauren malami ya daɗe yana ɗaukar gardawa, fatoma yana saukar da fatake, zangunan Hausawa kamar Sabo ta Ibadan suna karɓar baƙo har ya tsaya da ƙafarsa. Tsadar fili da yawaitar gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe su suka rage wannan al'ada a sababbin unguwanni.

Zakka ko Waƙafi?

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa rukunai 8 na masu cin zakka, kuma jumhurun malamai sun sharɗanta a mallaka wa mabuƙaci abin da aka ba shi. Saboda haka gina gidan da ba mallakin kowa ba da kuɗin zakka abu ne mai saɓani, ko da yake biyan kuɗin haya ga matalauci ta hanyar damƙa masa rabonsa ba shi da matsala. Waƙafi kuwa, wanda Malikawa suka fi kira hubusi, ma'anarsa tsare asalin dukiya da sadaukar da amfaninta, kamar yadda Umar (RA) ya yi da gonarsa ta Khaibar. Buhari ya kuma ambaci cewa Zubairu (RA) ya sadaukar da gidajensa domin 'ya'yansa mata da aurensu ya mutu su zauna, wanda ya nuna mata ma suna da haƙƙi a irin wannan tanadi.

Mazhabar Malikiyya tana da sauƙi biyu da suka dace da Nassarawa. Na farko, ba ta sharɗanta dawwama ba, mai gida yana iya yin hubusin ɗakunan bikiyu na wasu shekaru, sannan su dawo hannunsa ko na magada. Na biyu, ta halatta hubusin amfani, wato mutum ya kama hayar gida ya sadaukar da zamansa tsawon wa'adin hayar. Wannan ya yi daidai da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, mai fili kuma yake riƙe da haƙƙin zama. Sharaɗin da ake yawan sakaci da shi shi ne hauzi: dole abin ya fita daga hannun mai hubusi kafin mutuwa ko cutar ajali ko tsiyacewa su riske shi, in ba haka ba ya ɓaci.

Kammalawa

Gidan haɗaka ba zai ɗore ba sai da naziri amintacce, da rubutaccen sharaɗin shiga da fita, da raba maza da mata, da ɗan kuɗin da mazauna za su riƙa bayarwa domin ruwa da gyara, wanda yake kare musu mutunci. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, don haka akwai inda za a rubuta irin wannan hubusi a hukumance. Abin da ya rage wa malamai shi ne bayyana wa mawadata cewa mai gadin da yake kwana cikin sanyin hunturu a ƙofarsu maƙwabci ne, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya hau kansu. Allah ne mafi sani.