Ƙarin Sifirin Ga A-Kori-Kura: Amfaninsa Da Iyakarsa

Daga Malamin Gona, Bagauda

Da zarar kaka ta yi, duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora zai ga ƙananan motocin nan da a ke kira a-kori-kura suna ta wucewa, gindinsu ya kusa jan ƙasa, goshinsu yana duban sama. Wannan ta ɗauko masara daga Doguwa, waccan shinkafa daga Tudun Wada, wata kuwa rake daga ƙasar Kiru. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya sa motocin ba su hutawa ko da bazara. Yanzu kuma ga wani aiki ya ƙaru, watau jan tirela. Mutum ya kan ɗaura injin casa, ko tankin ruwa, ko ƙaramin injin huɗa, ya ja shi daga wannan gona zuwa waccan.

Saboda haka masu motoci da yawa su kan je wurin makanike su ce a ƙara musu sifirin. Abin da mu ke so mu tattauna ke nan a wannan mako, domin akwai dukiya a ciki, akwai kuma rai.

Aikin sifirin

Yawancin motocin nan, ko tsohuwar Peugeot 404 da 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ko Hilux, bayansu yana zaune ne bisa fallayen ƙarfe da aka jera, dogo a sama, gajere a ƙasa. Su ne sifirin. In an ɗora kaya sai su miƙe, in an sauke su koma yadda su ke. Shokazoba kuwa ba ta ɗaukar kaya. Aikinta ta hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami.

In an ƙara falle ɗaya ko biyu, gindin mota zai tashi, ta daidaita, fitila ta daina haska sama, sitiyari ya daina yin sakwaf a hannu. Wannan amfani ne na gaske, ba mu hana shi ba. Amma fa ku lura da kyau. Wanda ya ƙara wa jakinsa kaurin akumari ya kare bayansa daga miki, bai ƙara masa ƙarfin ƙafa ba. Haka mota ta ke. Aksul yana nan yadda ya ke, da boris, da taya, da birki, da shasi. Nauyin da maƙeranta suka yanka mata bai ƙaru da ko mudu ɗaya ba. Abin tsoro ma shi ne, dā in kaya ya yi yawa mota ta kan durƙusa ta nuna wa mai ita. In an ƙara sifirin sai ta daina nunawa, mutum ya yi ta lafta mata har ranar da wani abu zai karye.

Lissafin kaya

Irin waɗannan motoci, abin da aka yi su su ɗauka kamar kilo 1,000 ne, wata ta ɗan fi, wata ta ɗan kasa. A cikinsa har da direba da yaron mota. Buhun masara kuwa kamar kilo 100 ne. To, a cire nauyin mutum biyu, a cire nauyin da bakin tirela ya danna a bayan mota, abin da ya rage da ƙyar ya kai buhu takwas. Wanda ya ɗora ashirin ya ninka abin har ya wuce. Ainihin adadin kowace mota yana rubuce a littafinta, ko a ɗan farantin da ke jikin ƙofa. Malaman da ke rubuta wa manoma lissafi a kasuwa, ku taimaka ku karanta musu.

Ruwa kuma yana ruɗin mutane. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, watau tanki mai lita 1,000 daidai ya ke da buhu goma, ban da nauyin tirelar kanta. In tankin bai cika ba ya fi haɗari, gama ruwan yana kai da komowa yana tura mota a kwana. Maƙeran motoci yawanci ba su yarda a ja tirela marar birkin kanta in ta wuce kilo 750 ba.

In za a ƙara, ga yadda za a yi

Da fari a duba tsofaffin fallayen. In sun kwanta, ko ɗaya ya tsage, a canja su gaba ɗaya. Ɗora sabo bisa mataccen ƙarfe asarar kuɗi ne.

Na biyu, abin da aka yi wa dama a yi wa hagu, falle iri ɗaya, kauri ɗaya. In kun je Ƙofar Ruwa a Kano sayen kaya, ku tafi da tsohon falle a gwada faɗinsa. Ɗaya ko biyu sun isa kowane gefe. In an wuce haka mota ta zama kamar amalanke, duk bugun da sifirin ya kamata ya shanye sai ya koma kan shasi ya tsaga shi, tumatir kuwa ya isa kasuwa a dame.

Na uku, kada a yi wa sifirin walda, kada kuma a sa shi a wuta don a lanƙwasa. Ƙarfe ne da aka yi wa horo na musamman, in ya sha wuta ya mutu, ko ya kwanta ko ya karye farat ɗaya.

Na huɗu, a sa sababbin kusoshi masu lanƙwasa waɗanda ke ɗaure sifirin da aksul, dogaye daidai da sabon kaurin, da sabuwar kusar tsakiya. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a koma a sake ɗaure su, domin su kan saki.

Na biyar shi ne wanda a kan manta. Motoci da yawa irin su Hilux suna da wani ɗan bawul a baya, mai sanda haɗe da aksul. In mota ta durƙusa da kaya, shi ne ke ƙara wa birkin baya ƙarfi. To, in an ƙara sifirin mota ta daina durƙusawa, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage birki a sa'ad da aka fi bukatarsa. Lalle a ce wa makanike ya sake saita shi.

Taya da maɗauri

A jikin kowace taya akwai lamba mai nuna abin da za ta iya ɗauka. Mai lamba 100 kilo 800 ce iyakarta, mai 106 kuwa kilo 950, in iska ta cika yadda aka rubuta. A nemi tayar ɗaukar kaya, kada a sa ta ƙaramar mota don araha. A gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi.

Maɗaurin tirela kuma a ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi. Kada a maƙala shi a bamba, ko a ɗaure da igiya. A ƙara sarƙa biyu a gitta su ƙarƙashin bakin tirela, domin in maɗauri ya kuɓuce su tare ta.

Wajen lodi, kowa ya san in mangala ta rinjaya gefe guda jaki ba ya tafiya daidai. A sa mafi yawan kaya gaban tayar tirela kaɗan, yadda kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta zai danna a bayan mota. In nauyin ya koma can baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya, in an yi gudu ta juya motar. A cikin motar kanta kuwa, buhuna masu nauyi su zauna kusa da bayan direba.

A kan hanya

Hanyar da ta fito daga Doguwa ta ratsa dajin Falgore tana da hawa da gangara, balle wajen duwatsun Riruwai. Mai jan tirela ya sa babbar giya tun kafin ya fara gangarowa, inji ya riƙe motar. Wanda ya dogara ga birki kaɗai zai ji ya yi zafi ya daina kamawa. Ku sani kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya ya kan ninka huɗu.

Manomi ko ɗan kasuwa da ke ɗaukar hayar mota shi ma yana da hannu a ciki, gama sau da yawa shi ne ke matsa wa direba a ƙara buhu biyar don kada a yi sawu biyu. Ya lissafa kuɗin man sawu na biyu, sa'an nan ya lissafa kuɗin aksul, da kwana uku a bakin daji ana gadin kaya, da hatsin da ya zube. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. In kaya kullum ya fi ƙarfin a-kori-kura, maƙwabta su haɗa kai su ɗauki babbar mota.

Allah ya kai amfanin gonarmu kasuwa lafiya, amin.