Ɗalibanmu a Malesiya da Abincin Masu Gida

Shekaru da dama ke nan ɗalibai daga Arewacin Nijeriya suna tafiya Malesiya karatu, musamman Jami'ar Musulunci da ke Gombak da Jami'ar Putra da ke Serdang. Kusan kowa da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji yake sauka. Amma guzuri ƙarewa yake yi, kuma daga ranar ake fara sanin ƙasar.

A can shinkafa ce safe, rana da dare. Karin kumallon da ya fi shahara shi ne nasi lemak: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a sa mata miyar barkono, soyayyun ƙananan kifaye, gyaɗa, kokwamba da dafaffen ƙwai, a ƙunshe a ganyen ayaba. Zaƙin da ke cikin miyar ne ya fi ba Bahaushe mamaki. Batun halal kuwa da sauƙi, domin hukumar JAKIM ta gwamnati ce ke ba da shaida.

Babbar jarrabawa ita ce ɗan itacen da ake kira durian. Bayansa duk ƙaya, cikinsa rawaya mai laushi da maiƙo, kakarsa tsakanin Yuni da Agusta. Warinsa ya sa otal-otal da yawa ba sa bari a shiga da shi, haka ma jiragen ƙasa na birnin Singafo. A 2017 masana a Singafo suka gano cewa itacen yana da ƙarin ƙwayoyin gado masu samar da sinadaran farar wuta, dangin waɗanda ke ba albasa da tafarnuwa ƙarfin wari. Wanda ya tashi da daddawa ya san hanci kan ƙi abin da harshe zai so. Mai jin tsoro ya fara da rambutan ko mangostin, 'ya'yan itatuwa masu zaƙi ba wari.

Akwai ma tsohuwar dangantaka tsakanin abincinmu da nasu. Kwakwar manja asalinta Afirka ta Yamma ce, sai a 1917 aka fara nomanta don kasuwa a Malesiya, a jihar Selangor. Yau man da ake soya yawancin abincinsu daga ita yake fitowa.

Saboda haka ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki da tukunyar tuwo har ya gama digiri ya yi asara. Mutanen Malesiya a bakin abinci suke ƙulla zumunci, musamman a kasuwannin buɗa baki na azumi. Wanda ya zauna ya ci nasu, shi za su tambaya yadda ake miyar kuka.