RUWA BA YA TSAMI BANZA

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80, aka tashi mutane wajen 44,000 daga gungu da gaɓa. Yau mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga da ruwan nan suke sha, da shi suke ban ruwan albasa, cikinsa kuma suke kama giwan ruwa da tarwaɗa. In ya ɓaci, kowa ya taɓu.

Masana suna da ma'aunin tsamin ruwa, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ruwan Kainji kuwa kusa da nan yake, alhamdu lillahi. In aka sauko lamba ɗaya, tsami ya riɓanya sau 10. Kifi ya fi jin daɗi daga 6.5 zuwa 9. Ƙasa da 5 ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa sosai, wajen 4 kuwa sai mutuwa. Dalili shi ne ruwa mai tsami yakan narkar da alminiyam daga ƙasa, ya toshe wa kifi mashaƙar iska. Yakan kuma narkar da dalma, mutum ya sha bai sani ba, gama ruwan garau yake a ido.

An ga haka a Nowe da Suwidin wajen 1970. Hayaƙin kwal daga masana'antun Ingila da Jamus ya sauko musu cikin ruwan sama, tafkuna dubbai suka rasa kifi, sai da aka yi ta zuba farar ƙasa.

A nan kuwa abin tsoron yana kusa da gida. Dutsen da masu haƙar zinariya ke fasawa, in yana da farar wuta, da ya sha iska da ruwa sai ya zubo da tsami. Kada a manta da Zamfara a 2010, inda dalmar wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Takin zamani, musamman salfa da yuriya, shi ma in ya yi yawa yakan tsamama ƙasa.

To, manomi ya haɗa takin zamani da na gida, kada ya zuba shi dab da bakin ruwa. Kada a wanke ƙasar zinariya a rafin da ake sha. Mai tafkin kiwon kifi ya watsa farar ƙasa ko toka kafin ya tara ruwa. Wanda ya ga kifi na mutuwa ba dalili, ya gaya wa malamin gona nan da nan.