Yadda Makarancin Faifan Kwamfuta Ya Zama Ma'auni

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ɗan abin da ke karanta faifan kwamfuta ya zama ma'aunin da ke gane inda wani sashe na inji yake, ko da motsinsa bai kai kaurin gashi ba.

Asalin Fasahar

Bayanan da ke kan faifai ƙananan ɗigogi ne na maganaɗisu, kowanne ya fuskanci gabas ko yamma, alal misali. Makarancin yana shawagi bisa faifan kamar allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa shi. A cikinsa akwai ƙarfen da turjiyarsa ga lantarki take canzawa in maganaɗisu ya kusance shi. Tun 1856 Lord Kelvin na Birtaniya ya gano wannan ɗabi'a, amma canjin kaɗan ne ƙwarai. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano, kowa da ƙoƙarinsa, cewa in an jera shimfiɗun ƙarfe da na kuromiyam masu kaurin 'yan ƙwayoyin zarra, canjin yakan ninka ainun. Kamfanin IBM ya sa dabarar a faifansa a 1997, su kuwa masanan biyu aka ba su lambar Nobel a 2007.

Yadda Ake Awo

Masu ƙera injuna sun lura cewa abin da ya iya rarrabe ɗigo da ɗigo zai iya ƙidaya su. Saboda haka sai a manna wa inji wani tsiri ko zobe mai maganaɗisu, wanda aka jera bakin arewa da na kudu a kansa bi da bi, watau kowane milimita ɗaya ko biyu. Makarancin yana wucewa, turjiyarsa tana hawa tana sauka. Akan sa makaranta biyu, ɗaya na bayan ɗaya da rubu'in zango. Ta haka ake sanin ko gaba aka nufa ko baya, kuma in an gwada ƙarfin saƙonnin biyu, ana iya raba milimita guda zuwa kashi ɗaruruwa.

Amfaninsa

Ma'aunin da ke aiki da haske yakan makance in ƙura ko mai ya rufe shi, amma maganaɗisu yana ratsa su duka. Shi ya sa ake amfani da shi wajen auna juyin ƙafar mota domin kada birki ya ƙame a kan santsi, da kuma gaɓoɓin injunan masana'antu. Har ila yau, motocin binciken da Amurka ta saukar a duniyar Mars a 2004 da 2012 suna ɗauke da ma'aunai na wannan dangi.

Kammalawa

Ma'aunin yana da rauninsa: zafi yana sauya turjiyarsa, wani maganaɗisu na kusa kuma yana iya ruɗa shi. Don haka akan haɗa makaranta huɗu a da'ira guda, yadda kuskuren zafi na wannan zai soke na wancan.