Duwatsun Ashaka da ke shaida cewa teku ta taɓa mamaye Gombe

A ramin haƙar dutsen siminti na Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, akan ci karo da duwatsu masu naɗi kamar ƙahon rago. Ɓawon wata halittar teku ne mai suna amonait, wadda ta rayu a wurin fiye da shekara miliyan 90 da suka shuɗe, lokacin da teku ta malale kwarin Binuwai har cikin Sahara.

Amonait dangin oktofus ce, halittar nan mai hannuwa takwas. Ɓawonta ɗaki-ɗaki ne. Tana zaune a ɗakin bakin ƙofa, sauran kuwa iskar da ke cikinsu ke hana ta nutsewa. Zuriyarta ta ɓulla kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, ta ƙare shekara miliyan 66 baya, lokaci guda da dinoso.

A 1954 masanin kimiyya Richard Reyment ya raɗa wa wani jinsinta suna Gombeoceras, saboda Gombe.

Da yake jinsunanta sun riƙa sauyawa da sauri, masana ilimin ƙasa na amfani da su wajen gane shekarun kowane shimfiɗin dutse, ilimin da masu neman mai a yankin Kolmani ke buƙata.

Sai dai haƙar da ke tono su ita ce ke cinye su. Wanda ba a tsince ba kafin ya shiga injin niƙa, ya zama garin siminti ke nan.