Zamanin "Ka Gama, Ofis Na Jiranka" Ya Wuce

'Yan uwana ɗalibai, kusan dukkanmu mun taso muna jin magana guda a gida: "Yi karatu ka samu takarda, gwamnati ta ɗauke ka aiki." Iyayenmu ba ƙarya suka yi mana ba, a zamaninsu haka abin yake. Ina so mu duba dalilin da ya sa maganar ta yi aiki a da, da abin da ya canza.

A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma. Sabbin ma'aikatu na neman ma'aikata, 'yan boko kaɗan ne, kuɗin man fetur na shigowa, ga ƙarin albashin Udoji na 1974. Mai difloma a lokacin, aiki ne ke nemansa. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. Makarantu kuwa sai ƙaruwa suke yi. Yau a garin nan kaɗai, ban da kwalejinmu, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga jami'ar jiha, kowace na yaye ɗalibai duk shekara. Kujerun ofis nawa ne za su ishe mu?

Mu 'yan poli kuma muna da ƙarin wata matsala, wato bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri. A aikin gwamnati, mai HND yakan tsaya a mataki na 14 sai in ya ƙaro karatu. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin kawar da wannan bambanci, amma shugaban ƙasa bai sa masa hannu ba. Mu ci gaba da neman haƙƙinmu ta hanyar ƙungiya, sai dai kada kowa ya ɗora rayuwarsa a kan jiran sa hannu.

Tunani na gaba da ya kamata mu ajiye shi ne wai sana'ar hannu ta wanda bai yi karatu ba ce. Haba! Fatar jar akuyar Sakkwato aka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Majema da madunka na nan har gobe. Abin da mu za mu iya ƙara musu shi ne lissafin riba da faɗuwa, tsayayyen inganci, da talla ta WhatsApp da Facebook. Haka nan tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu shaguna da gidaje da yawa suka koma ga sola, kuma ɗan sashen lantarki da ya iya haɗa ta da kyau ba ya rasa mai kiransa.

To daga ina za mu fara? Daga SIWES. An kafa shirin ne don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, amma wasunmu sun mayar da shi neman wanda zai sa hannu a littafi su koma gida su kwanta. Ka zaɓi wurin da za a ba ka sifana ko kwamfuta ka yi aiki, ko da babu na mota. Ki tambayi maigidan wurin yadda yake yanka farashi da yadda yake riƙe abokan ciniki. In aikin gwamnati ya zo daga baya, madalla, ya same ka da sana'a a hannu.