Gurbin Likitanci Ya Samu, Saura Kuɗi: Inda Sabon Ɗalibi Zai Dosa

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ba gurbin karatun likitanci, gidansu ba ya kwana da wuri. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, maƙwabta su shigo barka, ƙanne su fara kiransa "Likita" tun bai taka ƙofar jami'a ba. Sai bayan kwana biyu, idan ƙura ta lafa, mahaifi ya karɓi takardar kuɗin rajista ya duba, ya sake dubawa, ya yi shiru. A gidaje da yawa a nan murna ke komawa lissafi.

Lissafin kuwa mai tsawo ne. Karatun likitanci a Najeriya shekara shida ne, idan babu yajin aiki, kuma ba a manta da na ƙungiyar ASUU na 2022 ba, wanda ya cinye wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shekarar farko ta kimiyyar share fage ce. Daga nan a shiga nazarin sassan jiki da yadda suke aiki, a yi jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai, sannan waɗanda suka tsallake su koma asibitin koyarwa: 'yan Jami'ar Bayero su nufi Asibitin Malam Aminu Kano, 'yan Ahmadu Bello su nufi Shika. A shekarun asibiti hutu gajere ne ƙwarai. Ɗalibin wani fannin zai iya komawa kasuwa ko gona lokacin hutu ya tara na zango mai zuwa. Ɗalibin likitanci yana ɗakin marasa lafiya da safe, yana aji da rana, wani lokacin ya kwana a asibiti. Ga littattafai masu tsada, ga farar riga, ga na'urar sauraron ƙirji, ga kuɗin mota kullum, ga ciki da ba ya jiran kowa.

Shekarar 2023 ta ƙara wa lamarin nauyi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu, jami'o'in tarayya da dama sun ɗaga kuɗin rajista ninki-ba-ninki, kuma ɗaliban lafiya ne a saman jerin. Jami'ar Legas ta sanar da naira 190,250 ga masu karatun likitanci kafin zanga-zangar ɗalibai ta sa a sassauta. A Kano sai da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, saboda da yawa suna gab da ajiye karatun.

A bakin mutane, duk kuɗin da ya zo wa ɗalibi daga gwamnati ko kamfani "sikolashif" ne. Wannan kalma ɗaya ta rufe abubuwa uku mabambanta, kuma rashin rarrabe su shi ke jawo da-na-sani. Akwai kyauta, wadda ba a biya. Akwai rance, wanda za a mayar. Akwai kuma tallafi mai sharaɗi, wanda ake biya da shekarun aiki. Sabon ɗalibi ya kamata ya san wanne ne ke gabansa kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Ƙofar da ta fi kusa da wanda ya shigo yanzu ita ce ta rance, wato asusun lamunin karatu na NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokarsa a watan Yunin 2023, amma waccan dokar ta zo da ƙa'idoji masu tsauri: sai kuɗin shigar iyali bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai an kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi, daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomi a ƙauye ina zai samo su? An soke dokar aka sake rubuta ta, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire waɗannan shingaye biyu, aka buɗe shafin neman rancen ranar 24 ga Mayu na wannan shekarar, ƙarƙashin jagorancin Akintunde Sawyerr.

Rancen kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake tura shi asusun jami'a. Kashi na biyu kuɗin kashewa ne, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun ɗalibin idan ya nema. Ana iya neman na makaranta kaɗai a bar na kashewa. Babu kuɗin ruwa ko sisi, abin da aka karɓa shi za a mayar, kuma wannan ne ya kwantar da hankalin iyaye da dama da ke gudun riba. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, ko na ribar sana'a ga mai zaman kansa. Dokar 2024 ta kuma tanadi yafiya idan mai rancen ya rasu, magana mai muhimmanci ga al'ummar da ke tsoron a binne mutum da bashi a wuyansa.

Ga ɗalibin likitanci, wannan wa'adi yana da tsawo fiye da na kowa. Shekara shida na karatu, shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan shekara biyu na jinkiri. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan 18 zai kai 28 kafin a fara taɓa albashinsa. Amma tsawon karatun shi ne kuma tsawon bashin. A ce ana biyansa naira 20,000 duk wata har shekara shida: ya kama naira 1,440,000. A ɗauka, don misali kawai, kuɗin makarantarsa naira 200,000 ne a shekara: ga wasu 1,200,000. Jimilla 2,640,000. Ga likita mai albashi, kuma babu ruwa a kai, wannan kaya ne da za a iya ɗauka, kuma ya fi a bar gurbin ya salwanta nesa ba kusa ba. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Sai dai gara a ci shi da ido buɗe, a riƙa rubuta abin da aka karɓa kowace shekara, domin ana sabunta buƙatar ne a kowace shekarar karatu.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata iyaye su sani tun da wuri. Asusun na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi. Wanda ya samu gurbi a jami'a mai zaman kanta, inda kuɗin likitanci ke kai miliyoyi a shekara, ko a ƙasar waje, ba ya ciki. Na biyu, kuma shi ya fi cizon sabon ɗalibi, shi ne lokaci. Sai jami'a ta shigar da bayanan ɗalibanta a rumbun asusun kafin buƙata ta karɓu, sannan a tantance, sannan kuɗi ya fito. Ita kuwa rajista tana da ranar rufewa, kuma kuɗin karɓar gurbi da na ɗakin kwana ba sa jira. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dole gida ya tanadi kuɗin makonnin farko, ko da ta hanyar adashi ne ko karo-karon dangi. Idan iyali suka biya da kansu sannan kuɗin asusun ya iso, ɗalibi yana da haƙƙin jami'a ta mayar masa da nasa. A 2025 an yi ta ƙorafi kan makarantun da suka karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Don haka rasit abin adanawa ne, kuma ofishin kuɗi na jami'a wurin zuwa ne a kai a kai.

Abin da ya fi hana 'ya'yan Arewa cin gajiyar waɗannan damammaki ba shi da girma a ido: suna. Ana buƙatar lambar JAMB, lambar ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN da takardar shaidar samun gurbi, kuma kwamfuta tana son ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a ko'ina. Mu kuwa mutum guda yana iya zama Muhammad a makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar haihuwa. Wata ta sa sunan mahaifi a wuri ɗaya, ta sa sunan garinsu a wani. Wani an rage masa shekara a sakandare, ba a rage a banki ba. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da buƙata wata da watanni. Gyaran nan yana cin lokaci a ofishin hukumar katin ɗan ƙasa da banki, kuma watannin da ke tsakanin jarrabawar JAMB da fitowar sunaye su ne lokacinsa. A cikinsu ne kuma ya dace a karɓo takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wadda babu hukumar tallafin jiha da za ta saurari ɗalibi ba tare da ita ba.

Sai batun kyauta, wadda kowa ya fi so. Gaskiyar da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba ita ce, mafi yawan tallafin kyauta ba a ba wanda bai rubuta jarrabawar jami'a ko ɗaya ba. Hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, tana neman ɗaliban da suka kai shekara ta biyu zuwa sama, masu matsakaicin maki 4.0 cikin 5.0. Gidauniyar MTN da kamfanonin mai da iskar gas, irin su NLNG da TotalEnergies da masu haƙar mai a rijiyar Agbami, waɗanda suka yi shirin da ya keɓanci ɗaliban lafiya da injiniyanci, kowanne da matakin da yake ɗauka da jarrabawar da yake yi ta kwamfuta, kuma sakamako mai kyau ne tikitin shiga.

Nan ne shekarar farko ke da daraja biyu. Ita ke ba ɗalibi izinin wucewa zuwa aji na gaba, domin Hukumar Kula da Likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta horar. Ita ce kuma, a jami'o'i da yawa, shekarar ƙarshe da ake lissafa matsakaicin maki irin na sauran fannoni, daga nan sai tsarin ci ko faɗuwa. Makin da yaro ya tara yana sabon shiga, lokacin da abokansa ke ganin karatu bai kankama ba tukuna, shi zai riƙa nunawa masu ba da tallafi shekaru bayan haka.

Jihohi ma suna da hukumominsu na tallafin karatu, kuma sun fi ba ɗaliban likitanci kaso mai tsoka, ko da yake biya ba ya zuwa a kan kari a wurare da dama. Wasu jihohin Arewa sukan ɗauki ɗalibi idan ya kai shekarun asibiti, su sa shi a alawus na wata-wata, shi kuma ya rattaba hannu cewa zai yi wa jihar aiki na wasu shekaru bayan ya gama. Dalilin a fili yake. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, kuma asibitocin karkarar Arewa ne suka fi jin raɗaɗin. Tsarin adalci ne, jiha ta ɗauki nauyinka, kai ma ka duba marasa lafiyarta. Amma a karanta yarjejeniyar layi-layi tare da babba mai sani: shekara nawa za a yi, ina za a tura mutum, za a bar shi ya tafi ƙaro ilimi, nawa zai biya idan ya janye. Matasa da yawa sun sa hannu suna 'yan ashirin da ɗoriya, ba su karanta shafi na biyu ba sai da damar ƙwarewa ta zo musu.

Tallafin zuwa ƙasar waje yana da nasa darasin, kuma Arewa ta koye shi da zafi. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗaliban Najeriya masu yawa, galibinsu 'yan Arewa kuma da dama masu karatun likitanci, sai da aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, karatu ya katse a tsakiya. Jihar Jigawa ta mayar da nata zuwa Cyprus, amma waɗanda iyayensu ke biya musu sun sha wuya kafin su sami inda za su ƙarasa. Shekara guda kafin nan haka ta faru ga ɗalibanmu da ke karatu a Yukiren. Shirin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda ya kai yara Rasha da Maroko da Hangari da Aljeriya, ya yi fama da jinkirin alawus, har Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa an daina ɗaukar sababbi. Duk wanda ya karanto likitanci a waje kuma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya. Kafin a yi murnar tikitin jirgi, a tambaya wa zai biya shekara ta huɗu idan gwamnati ta sauya hannu.

Akwai kuma ƙofofi na kusa da ake rainawa: hukumomin zakka da waƙafi irin na Sakkwato da Zamfara, ƙungiyoyin ci gaban gari, tsofaffin ɗaliban makaranta, attajiran unguwa da 'yan majalisar mazaɓa. Ba su da shafin intanet mai ƙyalli, amma takarda ɗaya mai tsafta, ɗauke da shaidar gurbi da ainihin adadin kuɗin da ake buƙata, ta fi dogon roƙo tasiri a wurinsu. Iyayen 'ya'ya mata su fi kowa ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi, domin ƙarancin likitoci mata abu ne da kowane mai hannu da shuni ya gani a gidansa ranar da matarsa ko 'yarsa ta je asibiti.

Inda ake neman kuɗi, 'yan damfara ba sa nisa. Saƙonni suna yawo a WhatsApp da Facebook da tambarin gwamnati, ana cewa a tura kuɗin fom ko a ba wani wakili lambar BVN ya cike wa mutum. Neman rancen NELFUND kyauta ne, ba shi da dillali, kuma a shafin hukumar kaɗai ake yinsa. Wanda ya je shagon intanet ya zauna a gaban kwamfutar da kansa, ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa da asusun banki mai sunansa, kada ya bar wa mai shago kalmar sirri.

Iyaye, idan akwai yaro a gidanku da ya zauna JAMB yana burin likitanci, ku ɗauko takardunsa yau ku jera su a kan tabarma, ku duba ko sunan da ranar haihuwar sun zo ɗaya a kowacce. Idan ba su zo ba, gobe da safe ku nufi ofishin katin ɗan ƙasa da banki.